Tarar Riyal 20,000 Kan Bidiyo a Saudiyya: Wa Ta Shafa, Wa Ba Ta Shafa Ba?

Maganar da ke yawo a zaurukan WhatsApp na Hausawan Makka da Jidda ita ce wai duk wanda aka gani ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo a titi ko a kasuwa, tarar riyal 20,000 ta hau kansa, daga nan sai tarhil, wato a kore shi daga ƙasar. Wasu har sun fara hana baƙinsu masu Umra ɗaukar hoto. A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu cewa ai bidiyon kyamarar shagonka naka ne, ka yi yadda ka ga dama da shi. Duka biyun kuskure ne, kuma na biyun ya fi haɗari, don shi ne zai jefa mutum cikin tarar da ake tsoro.

Dokoki biyu ne aka cakuɗa. Ta farko ita ce dokar amfani da kyamarorin tsaro, wadda aka fitar a 2022, wato 1444 ta Hijira. A cikinta ne riyal 20,000 ɗin take. Ba ta yi magana a kan wayar hannunka ba. Magana take a kan kyamarorin da ake kafawa a ma'aikatun gwamnati, bankuna, otal-otal, manyan kasuwanni, asibitoci, makarantu, masallatai, har da Haramin Makka da na Madina da wuraren aikin Hajji. Kyamarar da mutum ya sa a cikin gidansa na zama ba ta shiga ciki.

To me ke jawo riyal 20,000? Kwashe abin da kyamarar tsaro ta naɗa a miƙa wa wani ko a yaɗa shi ba da izini ba, sai kuma lalata na'urar ko goge abin da ta ɗauka. Izinin nan ba a hannun mai shago yake ba. Daga Ma'aikatar Cikin Gida ko Hukumar Tsaron Ƙasa yake fitowa, ko umarnin kotu, ko buƙatar hukumar da ke bincike. Nan ne mutanenmu suka fi tuntuɓe. A ce kana tsaron shago, wani ya shigo ya zare waya daga kan kanta, kyamara kuma ta kama fuskarsa ƙarara. Zuciya za ta ce ka ɗora bidiyon a TikTok duniya ta gan shi. Da ka ɗora, kai da aka yi wa sata ka zama mai laifi, shi kuma laifinsa na nan yana jiransa daban. Haka in mai gadin gini ya tura wa abokinsa bidiyon faɗan da aka yi a ƙofa, ko da zaure ɗaya ya tura, ko da wasa yake. Bayan ya tura, ba shi da iko a kan inda bidiyon zai tsaya.

Na ji masu cewa, ashe ke nan an hana a yi hujja da bidiyo. A'a. Dokar ma ta wajabta wa mai wurin ya adana abin da aka naɗa, wanda bai adana ba tsawon lokacin da aka ƙayyade tararsa riyal 5,000. In kuma aka kai rahoton wani abu da ya faru, dole bidiyon ya zauna yadda yake, ba a taɓa shi, har a gama bincike. Saboda haka wanda aka cuta a otal ko a kasuwa, abin da ya dace ya yi shi ne ya kai rahoto wurin 'yan sanda da wuri, ya faɗi rana da lokaci da wurin da abin ya faru, su za su nemi bidiyon. Jinkiri ne ke cutar da mu, domin waɗannan na'urori sabon ɗauka suke ɗorawa a kan tsoho idan wa'adi ya cika. Kuma kada ka ga laifin ma'aikacin otal in ya ƙi tura maka bidiyo ta waya, kansa yake karewa.

Akwai ɓangaren da ya kamata iyayenmu mata su sani, don kariya ce gare su. An haramta sa kyamara a banɗaki, da ɗakin canza kaya, da ɗakin duba marasa lafiya ko kwantar da su, da wuraren gyaran jiki na mata. Wanda ya sa, riyal 10,000. Inda kuma aka kafa kyamara dole a liƙa sanarwa a fili, wanda bai liƙa ba riyal 1,000.

Yanzu wayar hannu. Ita tana ƙarƙashin dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2007, kuma in gaskiya za a bi, wannan ce ta fi cancanta a yi hattara da ita. Sashe na uku ya ce wanda ya keta sirrin rayuwar wani ta hanyar amfani da kyamarar waya ba daidai ba, ko ya ɓata sunan wani ta hanyoyin sadarwa, zai iya shan ɗauri har shekara ɗaya, ko tara har riyal 500,000, ko duka biyun. A lura da kalmar "har". Wannan iyaka ce ta sama, alƙali ne ke auna girman laifin, ba kowa ake yanke wa rabin miliyan ba kamar yadda ake tsoratarwa. A lura kuma da abin da aka hana. Alhajin da ya ɗauki kansa a harabar Masallacin Annabi ya tura wa iyali a Kano ko Maraɗi bai keta sirrin kowa ba. Wanda ya saita kyamara a kan matar wani, ko ya tsaya ɗaukar wanda haɗarin mota ya rutsa da shi, ko ya ɗauki kafilinsa, wato ubangidan da yake zaune a ƙasar da sunansa, a ɓoye ya yaɗa tare da zagi, shi ne ya taka sashen. Ko da abin da ka faɗa gaskiya ne, yaɗawar kanta tana iya zama ƙara a kanka.

Wanda ya ga ɓarna fa, ya yi shiru? Hukuma ta buɗe ƙofofinta. Manhajar Kollona Amn tana karɓar rahoto tare da hoto ko bidiyo. Wanda aka nemi cin hanci a wurinsa yana iya kiran Nazaha, hukumar yaƙi da rashawa, a lamba 980. A Makka da Madina da Riyad lambar gaggawa 911 ce. Bidiyon da zai jawo maka tara a Snapchat, shi ɗin ne zai iya zama hujjarka in ka bi da shi ta nan.

Ni dai ina ganin hikimar dokar. Na san yadda bidiyon daƙiƙa ashirin ke rusa mutuncin mutum kafin a ji ta bakinsa, kuma baƙo irinmu shi ya fi saurin shan wannan hukunci na jama'a. Sai dai akwai abin da ke damuna. Kyamara tana kallon kowa, mabuɗin kuwa a hannu ɗaya yake. In tsakaninka da ɗan kasuwa ne, da sauƙi. In kuwa da ma'aikacin hukuma ka samu saɓani a kan teburinsa, sai ka roƙi hukuma ta duba bidiyon hukuma, ka koma gida ka jira. Yarda tana ƙaruwa ne idan talaka ya san cewa abin da aka naɗa a kansa zai iya tsaya masa kamar yadda zai iya tsayawa a kansa. Tsarin kyamarorin Sahir na kan hanya ya nuna ana iya yin haka, tunda direba yana da damar ƙalubalantar tara ta manhajar gwamnati ta Absher. Da za a samu hanya mai sauƙi irin wannan ga wanda ke neman a duba bidiyon da ya shafe shi a ofis ko asibiti, da rabin masu gudu zuwa TikTok sun daina.

Sai 'yan'uwanmu da iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ta mutu ko ba su da ita. Su ne aka fi zalunta, su ne kuma suka fi tsoron ofishin 'yan sanda, shi ya sa suke ganin yaɗa bidiyo ne kaɗai makaminsu. Ina jin zafin wannan hali sosai. Amma yaɗawar ba ta ɓoye mutum, ƙara fito da shi take yi, sannan ta ɗora masa sabuwar tuhuma a kan matsalar takardu. Wanda ke cikin irin wannan yanayi ya ajiye bidiyon a wayarsa, kada ya yanke shi, kada ya tura zaure, ya nemi shawarar lauya ko ya je ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarsa da ke Jidda kafin ya ɗauki wani mataki.