Waliyyan Ailan na Farko da Asalin Gidajen Zuhudu: Tambayoyi da Amsoshi

Shin Waliyyi Patrick ne ya fara kai addinin Kirista Ailan?

A'a, ko da yake sunansa ya danne na kowa. A shekarar 431 Paparoma Celestine ya tura wani bishop, Palladius, zuwa ga mutanen Ailan da suka riga suka ba da gaskiya, wato ke nan akwai Kiristoci a tsibirin tun kafin nan. Shi Patrick ɗan Biritaniya ne. Yana da shekara kusan 16 mahara suka kama shi suka kai shi Ailan, ya yi shekara shida yana kiwo cikin bauta, ya gudu, daga baya ya koma da ƙafarsa yana wa'azi. Batun ya kori macizai kuwa tatsuniya ce, tsibirin dama ba shi da su.

To shi ne ya kafa gidajen zuhudun?

A rubutunsa ya ambaci 'ya'yan sarakuna, maza da mata, da suka zaɓi zaman zuhudu, wasu matan ma ba da son iyayensu ba. Amma manyan gidajen da suka yi suna sai a ƙarni na 6 suka tashi, bayan ya rasu.

Daga ina wannan salon ibada ya samo tushe?

Daga Masar. Antoni, wanda ya rasu a 356, ya bar dukiyarsa ya shige hamada shi kaɗai, Pachomius kuma ya tara masu zuhudu wuri ɗaya ƙarƙashin doka ɗaya. John Cassian ya zauna da su, sannan wajen 415 ya sauka Marseille a kudancin Faransa ya rubuta abin da ya koya. Daga Faransa tsarin ya ratsa yammacin Biritaniya har ya kai Ailan.

Sai dai Ailan ƙasar ruwan sama ce, ina za a samo hamada? Teku ta maye gurbinta. A kan dutsen Skellig Michael, kimanin kilomita 12 daga gaɓa, har yau ga ɗakunan da masu zuhudu suka gina da tsagwaron dutse ba tare da kwaɓi ba. Ba su kuma manta asalinsu ba: a jikin gicciyen dutse na Moone an sassaƙa Antoni da Bulus na Thebes, wani mai zuhudu na hamadar Masar, suna raba gurasa.

Me ya sa gidajen suka yi ƙarfi haka?

A ganina nan ne asirin maganar yake. Daular Rum ba ta taɓa mulkin Ailan ba, don haka babu birane. A ƙasashen Rum bishop a birni yake zama yana kula da karkara; a Ailan kuwa ƙananan masarautu ne fiye da 100, kowace da danginta da shanunta. Sai gidan zuhudu ya zama shi ne gari: a nan makaranta take, da gona, da maƙera, da masaukin baƙi, da mafakar wanda ake nema. Sarki ya ba da ƙasa, sau da yawa shugabancin gidan ya zauna a hannun dangin wanda ya kafa shi. Misali, yawancin shugabannin farko na gidan zuhudun tsibirin Iona daga zuriyar da Columba, wanda ya kafa shi, ya fito suke. Tsoron Allah yana nan, amma lissafin gado da mulki ma bai yi nisa ba.

Su wane ne jiga-jigan?

Enda ya zauna a tsibiran Aran. Finnian na Clonard, da ya rasu a 549, shi ake kira malamin waliyyan Ailan. Cikin ɗalibansa akwai Ciarán, wanda ya kafa Clonmacnoise a bakin kogin Shannon, ya kuma rasu da ƙuruciyarsa. Comgall ya kafa Bangor wajen 558. Brigid ce ake jingina wa Kildare, inda maza da mata ke da ɓangarensu, shugabar matan kuma tana da faɗa a ji.

Me ya fitar da su daga ƙasarsu?

A dokar Ailan ta lokacin, talaka da ya fita daga masarautarsa ba shi da mai tsaya masa. Saboda haka barin gida don Allah babbar sadaukarwa ce. Columba ya tashi a 563 da abokai 12 ya sauka Iona, a gaɓar Sikotlan, ya rasu can a 597. Daga Iona Aidan ya tafi Lindisfarne, a arewacin Ingila, a 635. Columbanus na Bangor ya kafa Luxeuil a Faransa, ya yi rigima da gidan sarauta har aka kore shi, ya ƙare a Bobbio ta Italiya, inda ya rasu a 615.

Za a iya gaskata duk labaransu?

Sai an tace. Adomnán ya rubuta tarihin Columba kusan shekara 100 bayan rasuwarsa. Na Brigid da Cogitosus ya rubuta a ƙarni na 7 yana cike da karamomi, kuma tun daga gabatarwa yake kare matsayin Kildare a kan sauran majami'u, daidai lokacin da marubutan Armagh, majami'ar da ake jingina wa Patrick, ke ɗaga shi don neman fifiko irin wannan.