Waiwaye: Madubin da ke tafasa ruwa ya ba da wuta

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Daura da azahar a watan Afrilu ya san ranarmu ba ta wasa. Farantan sola da suka cika rufin gidajenmu haskenta kawai suke sha. Akwai dabarar da ta girme su, ita zafin take nema: a jera madubai su tara rana wuri guda, ruwa ya tafasa, tururinsa ya juya injin.

Tun 1913 aka gwada ta a Afirka. Wani Ba'amurke, Frank Shuman, ya kafa dogayen madubai masu lanƙwasa kamar indararo a Maadi, kusa da Alƙahira, suna tuƙa famfon da ke kai ruwan Nilu gonaki. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, arhar man fetur ta biyo baya, aka watsar da aikin. Sai da mai ya yi tsada a 1973 aka sake waiwayarta, har Kalifoniya ta gina tashoshi tara tsakanin 1984 da 1990, masu ba da wutar lantarki megawat 354 a jimlace.

Abin da ya fi jan hankalina ya faru ne a Sifen. A 2008 tashar Andasol ta fara adana zafin yini cikin manyan tankuna na narkakken gishiri, ba irin na miya ba, dangin takin zamani ne. Rana ta faɗi, injin ya ci gaba da juyawa awa bakwai da rabi. Wanda ya kwana cikin zufa bayan batirinsa ya mutu ya san darajar wannan. Maroko ta bi sahu a 2016 da tashar Noor mai megawat 160 a Warzazat.

A shekarar ce Najeriya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin sola 14, har da aikin megawat 75 a Kankiya, amma duk na faranti ne, domin farashinsa ya riga ya karye.

Ina son ganin irin tashar Noor a ƙasar Katsina, sai dai hunturunmu na tsaye a gaba. Madubi ba ya aiki sai da rana tsantsa, hazo kuwa yakan rufe ta kwana da kwanaki, ya bar ƙurar da sai an wanke da ruwa, a yankin da rijiyoyi ke ƙafewa tun kafin bazara ta yi nisa.