Ɗaukar hoto a binciken kwaɗi da dabbobi masu jan ciki a Legas

Binciken kwaɗi da dabbobi masu jan ciki reshe ne na ilimin dabbobi da ke nazarin macizai, ƙadangaru, kada, kunkuru da kwaɗi a wuraren da suke rayuwa. A Legas, inda gari ke cin fadama da kurmi kowace shekara, hoto ya zama babban makamin masu wannan aiki, domin hoton da ke ɗauke da kwanan wata da ainihin wurin da aka ɗauke shi shaida ce cewa wata dabba ta zauna a nan kafin a cike wurin da yashi a yi gini.

Wurin da aka fi sani shi ne Cibiyar Kare Muhalli ta Lekki, wadda Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya ta kafa a 1990 a fili mai faɗin hekta 78. Akwai kada da guza da macizai a cikin fadamarta, kuma gadar katako da aka shimfiɗa a kan ruwa tana ba mai bincike damar kusantar dabba ba tare da ya tattake mazauninta ba. A gabar teku kuma, kunkurun teku na fitowa da dare su yi ƙwai a cikin yashi.

Aikin kwaɗi na dare ne, kuma na damina, musamman daga Afrilu zuwa Yuli. Mai bincike yakan ɗaura fitila a goshi, ya bi kukan namijin kwaɗo har ya same shi a kan ganye ko a bakin kududdufi, sannan ya ɗauki hoton bayansa da gefensa da cikinsa, da kuma tafin ƙafarsa, saboda fatar da ke tsakanin yatsu tana cikin abubuwan da ke bambanta wani jinsi da wani. Yakan naɗi kukan ma, tun da akwai kwaɗin bishiya da ido ba ya iya raba su sai kunne. Ana taɓa kwaɗo da jiƙaƙƙen hannu ko safar roba, don yana numfashi ta fatarsa, kuma a mayar da shi daidai inda aka ɗauko shi. Maciji mai dafi kuwa daga nesa ake ɗaukarsa da dogon madubin kyamara. Hoton da ya fi amfani shi ne wanda ya fito da ɓawon kan macijin sosai, ko da bai yi kyan gani ba, kuma wannan ne ya raba hoton bincike da hoton ado.

Wannan aiki yana da tarihi a Najeriya. Masanin nan ɗan ƙasar Denmak, Arne Schiøtz, ya wallafa nazarinsa kan kwaɗin Najeriya a 1963, kuma a shekarar ce ya bayyana wani kwaɗo daga duwatsun Idanre na jihar Ondo, wanda yanzu ake kira Sclerophrys perreti. An shafe fiye da shekara 40 ba a sake samun labarinsa ba, sai a 2013 da Abiodun Onadeko na Jami'ar Legas da abokan aikinsa suka sake gano shi a duwatsun.

Ga Hausawan Agege da Idi-Araba da Obalende, abin ya wuce sha'awar masana. Wanda ya taso a Gombe ko Taraba ya san kububuwa da gamsheƙa, amma macizan kurmin Kudu daban ne, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake kashewa a bayan gida ko a wurin gini ba su da dafin da ke kisa. Maigadi ko lebura da ya ɗauki hoton maciji da wayarsa daga nesa ya taimaka wa likita wajen gane irinsa idan an yi sara, ya kuma taimaka wa masu bincike idan aka ɗora hoton a iNaturalist, wani shafin intanet da ake tara hotunan dabbobi da tsirrai. Bai kamata a bi maciji don neman hoto bayan ya yi sara ba. A garzaya da mutum asibiti, kada a ɗaure wurin tamau ko a tsaga shi da reza.