Me ya sa Rasha take yaƙi yadda take yi? Tambayoyi da amsoshi

Tun da yaƙin Yukiren ya ɓarke a Fabrairun 2022 kowa ya zama janar, wasu sun rantse Rasha ba a cinta da yaƙi, wasu kuma na cewa taron tsintsiya ce ba shara. Duka biyun akwai ƙarin gishiri a ciki. Ga tambayoyin da aka fi jefowa.

Wai da gaske sanyi ne ya cinye Napoliyon da Hitila?

Sanyi ya yi nashi, amma a ƙarshe ya zo. Napoliyon ya tsallaka kogin Neman a watan Yunin 1812 da sojoji kusan dubu 600 in ka haɗa da waɗanda suka biyo baya, shi so yake a kara sau ɗaya a gama, amma kwamandan Rasha Barclay de Tolly ya ƙi tsayawa, ya yi ta ja da baya ana ƙone abinci ana kwashe dabbobi, har mutanensa suka fara zaginsa wai matsoraci ne aka ɗora Kutuzov a kansa. Kafin a gwabza a Borodino ranar 7 ga Satumba sojojin da ke gaban Napoliyon ba su wuce wajen dubu 130 ba, yunwa da zawo da zazzaɓi da gudun soja sun ci da yawa, wasu kuma an bar su gadin hanya, kuma duk wannan da zafi ne fa, ƙanƙara ba ta sauka ba. Ya shiga Mosko ya tarar an watse, gari ya kama da wuta, ya zauna yana jiran Sarki Alekzanda na Rasha ya nemi sulhu, shiru kake ji. 19 ga Oktoba ya juya.

Hitila ma haka. Ya shigo 22 ga Yunin 1941, taɓon Oktoba ya riƙe motocinsa, layin dogon Rasha ya fi na Jamus faɗi dole sai an gyara kafin jirginsu ya hau, kafin su iso bakin Mosko sun galabaita, kwamandan Sobiyat Zhukov ya juyo musu ranar 5 ga Disamba. Nisa ne ya fara karya su.

To meye tushen tunanin nasu?

Ƙasar ce da kanta. Daga Jamus ka bi ta Folan da Belarus har Mosko fili ne shimfiɗaɗɗe, babu wani dutse da zai tare runduna. Ta nan sojojin Folan suka zo suka zauna a Mosko har 1612, Suwidin ta shigo sai da sarkin Rasha Bitrus Babba ya murƙushe ta a Poltava 1709, sai Faransa, sai Jamus har sau biyu. Shi ya sa duk mai mulkin Kremlin, sarki ne ko ɗan gurguzu ko Putin, burinsa a samu ƙasashe tsakaninsa da abokin gaba, in wuta za ta tashi ta tashi a gidan wani.

Amma fa kar a ji daga baki ɗaya. Abun da Mosko ke kira kariya su maƙwabta mamaya suke kiransa, Finlan a 1939, ƙasashen Baltik a 1940, tankoki a Hangare 1956 da Chekoslobakiya 1968. Tsoron na gaske ne, kuma da shi ake fakewa a danne ƙanana, duk biyun na tafiya tare.

Suna da masu tunanin yaƙi nasu ko kwaikwayon Turawan yamma suke?

Nan ne ma labarin ya fi daɗi. A shekarun 1920 an yi wata muhawara mai zafi cikin Jar Runduna, wato rundunar Sobiyat, tsakanin mutum biyu. Aleksandr Svechin, tsohon janar na zamanin sarki, ya ce yaƙin zamani ba a gama shi da bugu ɗaya, ƙasar da ta fi jure asara, ta fi masana'antu da mutane, ita ke ci, in ta kama ka saki gari ka ja baya ka saki. Mikhail Tukhachevsky kuwa matashi ne mai ji da kansa, shi a wajensa a kai farmaki da dukkan ƙarfi a rusa abokin gaba nan take. Kamar 'yan dambe biyu ne, ɗaya na neman kisa tun turmin farko, ɗayan na zagaye fili har sai abokin karawa ya fara haki.

Ɓangaren Tukhachevsky, da su Triandafillov da Isserson, su suka fito da dabarar kutsawa can ciki. Wato ba wai ka tura abokin gaba baya kaɗan kaɗan ba, a'a, ka tara igwa da sojan ƙasa ka fasa layinsa a wurare da yawa lokaci guda, sannan runduna ta biyu da ka ɓoye, tankoki da motoci, ta bi ta ɓarakar ta nausa ciki ta kama gadoji da tashoshin jirgi da hedikwata, na bakin daga su waiwaya su ga babu harsashi babu abinci babu mai ba da oda. An sa wannan a dokokin rundunar na 1936.

Sai Stalin, shugaban Sobiyat, ya tashi da zargin hafsoshinsa. An harbe Tukhachevsky a Yunin 1937, Svechin a 1938, cikin manyan marshal biyar uku suka tafi, dubban hafsoshi aka kashe ko aka ɗaure ko aka kora. A ganina Svechin ne ya fi hango gaskiya, domin har yau Rasha da mafarkin Tukhachevsky take shiga yaƙi, amma da lissafin Svechin take fita.

In an kashe masu dabarar, ya aka yi suka ci Jamus?

Da jini suka sake koyonta. A 1941 ƙawanya ɗaya kawai ta yankin Kiyef an kama musu fiye da mutum dubu 600. Abun da ya cece su shi ne sun kwance masana'antu sama da 1,500 suka loda a jirgin ƙasa zuwa tsaunukan Ural da Saiberiya, aka ci gaba da ƙera tanka inda jirgin saman Jamus bai kaiwa. Nuwamban 1942 suka zagaye janar ɗin Jamus Paulus da rundunarsa a Stalingrad, suka tare Jamus a Kursk 1943, amma inda dabarar ta nuna kanta sosai shi ne farmakin Bagration na Yunin 1944 a Belarus. Sun yaudari Jamusawa suka ɗauka ta kudu za a zo, ana tafiya da daddare fitila a kashe, ana hana surutu a rediyo, cikin 'yan makonni babbar rundunar tsakiya ta Jamus ta tarwatse, har aka zagaya da fursunoni dubu 57 a titunan Mosko. Kar a manta da motocin ɗaukar kaya dubu ɗaruruwa da Amurka ta turo, ba don su ba da tankokin sun yi gaba sun bar mai a baya. Wannan ɓangaren ba su cika son a tuna musu ba.

Ance ba su damu da ran soja ba?

Akwai ƙamshin gaskiya. Sobiyat ta rasa mutum wajen miliyan 27 a wancan yaƙin, soja da farar hula, kuma a Yulin 1942 Stalin ya sa hannu a oda mai lamba 227 da ta hana ja da baya ko taku ɗaya. Tsarin nasu daga sama yake saukowa, sajan da kofur ba su da ikon yanke shawara irin na sojojin Amurka ko Ingila, don haka in shirin ya karkace ƙananan na tsayawa jiran oda. Giɓin da igwa ake cike shi, a yi ta ruwan wuta har gari ya kwanta, Girozni ta Checheniya ta gani, Mariyupol ta Yukiren ta gani.

Sun taɓa shan kashi kuwa?

Sosai ma. Yaƙin Kirimiya 1853 zuwa 1856, Japan ta nutsar musu da jiragen ruwa a Tsushima 1905, a 1918 suka sa hannu a yarjejeniya da Jamus a Brest-Litovsk suka saki ƙasa mai yawa, Afganistan shekara kusan goma da gawa wajen dubu 15, Checheniya ta farko 1994 zuwa 1996. Abun lura shi ne ba a cika cinsu ta hanyar kama babban birni ba, cikin gida ne ke gajiya, kuma kashin kan haifi gyara ko juyin juya hali, bayan Kirimiya aka 'yanta manoman da ke ɗaure da gonakin iyayengiji a 1861, ana cikin shan kashi a hannun Japan aka fara boren 1905.

Ina batun “aƙidar Gerasimov” da yaƙin Yukiren?

Babu wata aƙida mai wannan suna a Rasha. Gerasimov, babban hafsan hafsoshinsu, ya yi rubutu a 2013 yana bayanin yadda yake ganin ƙasashen yamma na kifar da gwamnatoci ba tare da yaƙi a fili ba, wani masani ɗan Ingila Mark Galeotti ya laƙa masa sunan, daga baya a 2018 ya fito ya ba da haƙuri. Amma ƙwace Kirimiya a 2014 cikin sauƙi ya sa Kremlin ta yarda komai zai zo da arha. A 2022 suka shiga da sojoji ƙasa da dubu 200 ta fuskoki da yawa, aka sauke sojan sama a filin jirgi na Hostomel kusa da Kiyef, ayarin motoci mai tsawon kilomita wajen 60 ya cije a hanyar Kiyef, farkon Afrilu sun fice daga arewa. Daga nan aka koma gidan jiya, kiran mutum dubu 300 a Satumban 2022, ramuka da nakiyoyi, fursunonin da kamfanin sojojin haya na Wagner ya ɗebo a Bakhmut, igwa da jirage marasa matuƙa ana cin ƙauye ɗaya ɗaya.

Sojojinsu da ke Mali da Nijar fa, wannan tunanin ne ya kawo su?

Wannan wani layi ne daban, na neman abokai da araha, kuma ba sabo ba ne, ko a yaƙin basasar Najeriya Sobiyat ce ta sayar wa gwamnatin tarayya jiragen MiG. Wagner ta shiga Mali ƙarshen 2021, masu horarwa na Rasha suka sauka Yamai a Afrilun 2024. Sai dai rundunar da aka gina don fasa layin daga da tankoki ba ta taɓa jin daɗin yaƙin sunƙuru ba, kuma a Tinzawaten a Yulin 2024 'yan tawayen arewacin Mali sun yi wa ayarin Wagner kwanton ɓauna suka kashe musu mutane da dama.