Waiwaye: Yadda takardar saitunan manhaja ta koma rubuta kanta

Duk wanda ya taɓa ɗora manhaja a gajimare, wato manyan kwamfutocin da ake haya ta intanet, ya san inda gizo ke saƙa: fayil ɗin saituna. Ka sa rubutu inda ake son adadi, ko harafi ɗaya ya zame a sunan saiti, sai aikin ya cije. Ga matasan Maradi masu rubuta manhaja, ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ne ko masu yi wa 'yan kasuwa aiki, abin ya fi ciwo, domin data da kuɗin aljihu ake sayenta, rezo kuma ba ya da alkawari. Kuskuren da ba a gano ba sai bayan an tura fayil, biyansa ake yi. Wannan waiwaye ne kan yadda aka kai ga KubeVela, manhajar da ke fitar da takardar bayanin saitunan da kanta.

Matsalar ta girma ne tare da kayan aikin. Docker, mai ƙunshe manhaja da duk abin da take buƙata wuri ɗaya, ya fito a 2013, Google ya fitar da Kubernetes, mai tafiyar da irin waɗannan ƙunsoshi a kan injina da yawa, a 2014, sigarsa ta 1.0 ta biyo baya a 2015. Daga nan komi ya koma fayilolin YAML, wani salon rubuta saituna, masu sauƙin karantawa da sauƙin ɓatawa. A wani gefen kuma akwai Swagger, hanyar bayyana irin bayanan da manhaja ke karɓa, wadda aka miƙa wa Linux Foundation a 2015 ta zama OpenAPI. Sigarta ta 3.0 ta fito a 2017.

A 2017 ɗin ne Kubernetes ya kawo CRD, wato damar kowa ya ƙirƙiri nasa nau'in abu a cikin tsarin, daga baya aka ba shi ikon tantance abin da aka shigar bisa jadawalin OpenAPI, wato jerin saitunan da aka yarda da su da nau'in kowanne. Da siga ta 1.16 ta fito a 2019, jadawalin ya zama dole ga sabon tsarin CRD. Helm 3, sigar kayan aikin da ake girka manhaja da shi a Kubernetes, a Nuwamban wannan shekara, shi ma ya yarda a ajiye fayil mai suna values.schema.json domin duba saituna kafin a girka.

Sai dai a Helm hannu ne ke rubuta jadawalin, nan kuma aka samu ɓaraka. Gaskiyar saitunan tana cikin samfuri, wato fayil ɗin da Helm ke cikewa in zai girka manhaja, bayaninsu yana wani fayil dabam. Injiniya ya ƙara saiti ranar Litinin, ya manta da jadawalin, wata uku bayan haka wani ya zo yana bin takardar da ta riga ta tsufa. Kamar tela ne da ya sake auna mutum amma bai gyara littafinsa ba, yaron shago kuwa da littafin yake yanka. Shi ya sa masu kundin Helm da dama ba su ma damu da rubuta jadawalin ba.

A Oktoban 2019 Microsoft da Alibaba Cloud suka gabatar da Open Application Model, wanda ya raba aiki biyu: masu kula da dandali su shirya tubalan gini, masu manhaja su cike saituna kawai. KubeVela, wanda ya fito a ƙarshen 2020, ya shiga ƙarƙashin CNCF, gidauniyar da ke kula da Kubernetes, a 2021, shi ne ya aiwatar da wannan tunani. Ya zaɓi harshen CUE na Marcel van Lohuizen, tsohon injiniyan Google, kuma a ganina wannan zaɓi shi ne ƙashin bayan labarin. A CUE nau'in bayani da ƙimarsa wuri ɗaya ake rubuta su. Layi guda yana iya cewa saiti kaza adadi ne, idan ba a faɗa ba a ɗauka 80, alamar tambaya a gaban suna kuma na nufin ba dole ba ne.

Tunda duk wannan yana cikin sashen parameter na tubalin, wato inda ake jera saitunansa, ba sauran dalilin sake rubuta shi. Da zarar an girka tubali, KubeVela zai karanta sashen, ya fitar da jadawalin OpenAPI v3, ya ajiye shi cikin ConfigMap, ma'ajiyar saituna ta Kubernetes. Daga wannan tushe ɗaya umarnin vela show ke nuna teburin saituna, shafin VelaUX kuma ya zana fom ɗin cikewa. Sabon yaro a ofis yana iya ɗora manhaja ba tare da ya san cikin Kubernetes ba.

Amma kada a yi wa wannan dabara ta KubeVela yabon da ya wuce kima. Abin da marubucin tubali ya sa, shi kaɗai take kwafowa. Za ta ce saiti adadi ne, ba za ta ce daƙiƙa ake nufi ko minti ba, sai in marubucin ya bar bayani da alamar +usage a saman layin. Ƙimar da aka sa tun asali ma zaɓin wani ne da ya auna da nasa injina. Lokacin jira da ya ishi manhajar da masu amfani da ita ke kan layin intanet mai ƙarfi yana iya yi wa mai waya a Tibiri ko Madarunfa kaɗan, fom ɗin kuwa zai karɓe shi bai ce uffan ba, tunda adadi ne.