Abin zura zare a allura

Abin zura zare ɗan ƙaramin kayan aiki ne da mai ɗinkin hannu ke amfani da shi wajen shigar da zare ta kafar allura. Wanda aka fi sani falle ne na gwangwani ko roba, girmansa bai wuce kwabo ba, an maƙala masa wata siririyar wayar ƙarfe da aka lanƙwasa ta zama madauki mai tsini a gaba. A kan na gwangwanin akan buga hoton kan mace ta gefe, salon da ya yaɗu daga Turai tun ƙarni na 19. Sau da yawa yakan zo ne kyauta cikin fakitin allurai, shi ya sa mutane da dama ke jefar da shi ba su san amfaninsa ba.

Dabarar ita ce waya tana da tauri, zare kuwa ba shi da shi. Ana riƙe allura da hannu ɗaya, a tura tsinin wayar ta kafar. Madaukin yakan matse yayin shiga, da ya fita ta ɗaya ɓangaren sai ya buɗe, ya ba da ƙofa mai faɗi wadda ko mai raunin gani zai iya saka zare a ciki. Sai a zura bakin zaren kamar tsawon yatsa, a jawo fallen baya a hankali, wayar ta fito da zaren a ninke. A saki guntun bakin, shi ke nan.

Wannan ninkin shi ne abin lura. A lokacin jan, kafar allura na ɗauke da zare riɓi biyu da kuma waya, don haka idan zaren ya yi wa allurar kauri sai ya cije. Allurar hannu kuwa, yadda lambarta ke hawa haka take ƙara siranta: lamba 10 ta fi lamba 5 ƙaramar kafa. Mai gaggawa yakan fizga, wayar ta tsinke daga inda aka danne ta a jikin gwangwanin, kuma a nan kusan dukkansu ke mutuwa. Maganin shi ne a danne mahaɗar da babban yatsa yayin ja, ko a ɗiga mata gam tun yana sabo. Yanke bakin zare a karkace da almakashi mai kaifi ya fi lasar sa da miyau.

A Sakkwato, inda ɗinkin hula da aikin babbar riga irin su aska biyu da aska takwas ke cin zare mai yawa, maɗinki kan sake zare sau da dama a zama ɗaya. Daga shekara 40 zuwa sama ganin kusa yakan fara raguwa, lokacin da hannu ya gama ƙwarewa. A gidaje da yawa jika ne ke wannan aiki; kaka ta ɗaga allura saitin haske, ta gaji, ta ce, "Zo ka sa min zaren ga." Idan yara na makaranta, ɗan gwangwanin nan yakan fitar da ita.

Ga zare mai kauri na ado akwai mai ƙugiya, falle ne na ƙarfe da ke shiga doguwar kafa ya kamo zaren, kuma ya fi mai waya ƙarko nesa ba kusa ba. Akwai na ajiyewa a tebur, irin wanda kamfanin Clover na Japan ke yi, a sa allura a rami a danna. Dukawa ba su cika buƙatar ko ɗaya ba, domin kafar basilla na da faɗi, zarensu kuma ana goga masa kakin zuma ya yi tauri.