Zagayen Tabkin Superior a kan keke

Zagayen Tabkin Superior tafiya ce ta kimanin kilomita 2,100 a kan titunan da suka kewaye tabkin, ta jihohin Minnesota, Wisconsin da Michigan na Amurka da kuma lardin Ontario na Kanada. Don masu mota aka tsara hanyar, amma mahaya keke sun daɗe da mayar da ita tasu. Wanda ke cin kilomita 80 zuwa 100 a yini, da kayansa ɗaure a kariyar keke, yakan gama cikin sati uku zuwa huɗu. Nisan ba shi ne ya yi wa wannan tafiya suna ba, don akwai hanyoyin da suka fi ta tsawo. Sanyin ruwan tabkin ne ya yi mata suna, shi da irin yanayin da yake haifarwa a bakin gaɓa.

Tabkin da sanyinsa

Superior shi ne tabkin ruwan daɗi mafi faɗi a duniya, murabba'in kilomita kusan 82,100. Tsawonsa ya kai kilomita 560, wurin da ya fi zurfi kuma mita 406 ne. Mutanen Ojibwe, waɗanda Turawa suka tarar a can, suna ce masa Gichigami, wato babban ruwa. Ruwa mai wannan yawa ba ya saurin ɗumi. A watan Yuni, lokacin da gonakin Wisconsin suka yi kore shar, ruwan tsakiyar tabkin bai wuce digiri 4 ko 5 a ma'aunin Selshiyos ba.

Daga nan wahalar mai keke take farawa. Idan iska mai ɗumi da laima ta taso daga kudu ta bi ta kan wannan ruwa, sai ta huce, laimar ta koma hazo. Ba hazon ƙura ba ne, hazo ne mai jiƙa kaya, yana taruwa ɗigo-ɗigo a kan tabarau da gashin hannu, kuma ya fi yawa a Yuni da Yuli, daidai lokacin da aka fi yin tafiyar. Mutum zai bar wani tudu yana gumi da riga ɗaya, ya gangaro bakin ruwa cikin minti goma ya tarar zafin ya ragu da digiri goma ko fiye. Mazauna Duluth, birnin da ke ƙuryar yammacin tabkin, sun saba da haka, har masu hasashen yanayi a garin sukan ba da ma'auni biyu, na kan tudu da na bakin tabki. Ranar da iska ta juyo daga arewa maso gabas kuwa, ta ratso ɗaruruwan kilomita na ruwan sanyi kafin ta iso garin, sai a ga mutane da rigunan sanyi a tsakiyar bazararsu.

Hanyar

Galibi daga Duluth ake tashi, a ƙuryar yamma. Masu bin hannun agogo suna kama babbar hanya mai lamba 61 zuwa arewa maso gabas, kuma da yake a dama ake tuƙi a ƙasashen biyu, tabkin yana gefensu, ba sai sun tsallaka titi ba in suna son tsayawa kallo. Akwai ribar iska ma, tunda ta fi kaɗowa daga yamma, sai ta riƙa tura su a gaɓar arewa. Bashi ne dai, a gaɓar kudu ake biya.

Kilomita 240 na Minnesota su ne mafi sauƙi. Garuruwa ba su da nisa da juna, akwai kuma wasu sassa na hanyar keke zalla mai suna Gitchi-Gami, wadda ake ginawa kashi-kashi tsakanin Two Harbors da Grand Marais. A nan ake wuce hasumiyar fitilar Split Rock, wadda aka kunna a 1910 bayan guguwar Nuwamba ta 1905 ta farfasa jirage da dama a wannan gaɓa. A kogin Pigeon ake shiga Kanada, daga nan sai Thunder Bay.

Tsakanin Thunder Bay da Sault Ste. Marie, kusan kilomita 700 a hanya mai lamba 17, nan ne ake gane wanda ya shirya. Wannan yanki ne na babbar hanyar da ta ratsa Kanada, kuma sai a 1960 aka haɗe ɓangaren da ya rage a wajen Wawa, saboda duwatsu da fadamu. A wurare da yawa layi biyu ne kawai, gefen kwalta ɗan siriri, wani wurin ma tsakuwa ce. Tireloli da motocin katako duk nan suke bi. Gabas da Thunder Bay kaɗan akwai mutum-mutumin Terry Fox, matashin da ya yi gudun kilomita 5,373 da ƙafar roba don tara kuɗin yaƙi da ciwon daji, har ciwon ya tsayar da shi kusa da nan ranar 1 ga Satumba, 1980. Da wuya mai keke ya wuce bai tsaya ba. Bayan Nipigon tuddai suke farawa, hawa da gangara ba hutawa har Marathon. Daga nan hanya ta bar tabkin ta shiga daji, kilomita casa'in da wani abu zuwa White River, kusan haka kuma zuwa Wawa. Kudu da Wawa akwai fiye da kilomita 80 a cikin gandun dajin lardi, inda ba a dogara da samun kanti.

Gaɓar kudu ta fi laushi: Munising da duwatsun Pictured Rocks, Marquette, tsibiran Apostle a wajen Bayfield. Masu ƙarfin hali sukan ƙara da zirin Keweenaw har Copper Harbor.

Ruwa, iska da jiki

Abin da ke kayar da mahayi a wannan hanya ba sanyin ƙanƙara ba ne. Ruwan sama ne a digiri 7 ko 8, da iska a kai. Ruwa yana janye zafin jiki ninki ashirin da wani abu fiye da yadda iska take yi, don haka wanda ya jiƙe sharkaf yana cikin haɗari ko da ma'auni bai kusanci sifili ba. Muddin yana hawan tudu yana murza feda, jikinsa na samar da zafi. A gangara ake samun matsala. A dogon gangaren kogin Montreal, misali, mutum zai yi mintuna bai murza ba, iska na ratsa jiƙaƙƙiyar riga, yatsu su sandare har matse birki ya gagara, ga birkin roba kuma ba ya kama jiƙaƙƙen rim sai taya ta juya sau da yawa. Idan zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, karkarwa ce ke fara zuwa, sai harshe ya yi nauyi, sai tunani ya rikice. Mugun abin shi ne mai shi ba ya ganewa, abokin tafiya ne ke lura cewa ya kasa zuge zif ko yana amsa tambaya a karkace.

Shi ya sa tsofaffin hannu ba sa yarda da auduga, wadda in ta sha ruwa sai ta manne a fata ta ƙi bushewa. Ulu suke sawa ko yadin roba, rigar ruwa a sama. Suna ware kaya kala ɗaya a ƙulle cikin leda, ba a taɓa su sai an kafa tanti, da safe kuma a mayar da jiƙaƙƙun na jiya a jiki, duk da rashin daɗinsa. Wasu na zura ledar burodi tsakanin safa da takalmi. Ba ta da kyan gani, amma tana aiki. Ana cin abinci kafin yunwa ta zo, saboda jikin da ba shi da mai ba ya ɗumi. Ruwa da yashin titi suna wanke man sarƙa cikin yini ɗaya, sai a ji tana ƙara, dole a goge a sake ɗiga mata kowace yamma.

A cikin hazo, abin tsoro direba ne. Fitilar baya mai ƙyaftawa da riga mai ɗaukar ido wajibi ne ko da rana tsaka. Tirela in ta wuce a jiƙaƙƙen titi takan watsa ruwa ta rufe ido na ɗan lokaci, iskarta ta ture keke waje, sannan ta jawo shi ciki. Mahaya da yawa suna maƙala ɗan madubi, in sun hango manyan motoci biyu za su yi kiciɓis a daidai inda suke, sai su sauka kan tsakuwa su ba su wuri. Wannan ba ragwanci ba ne. Haka in hadari ya haɗo da tsawa, gini ake nema, ba gindin doguwar bishiya ba. In iska ta kwanta kuma, baƙaƙen ƙudaje masu cizo da sauro su karɓi aiki, musamman daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuli.

Wani lokacin hanyar ce kanta ke tafiya. A ranakun 19 da 20 ga Yuni, 2012, ruwan da ya haura milimita 180 ya sauka a Duluth ya ɓurma tituna. A Oktoban wannan shekara ambaliya ta yanke hanya mai lamba 17 kusa da Wawa. A arewacin tabkin ba kasafai ake samun wata hanyar ratse ta kusa ba, sai jira.

Lokacin tafiya

Daga tsakiyar Yuli zuwa farkon Satumba ne aka fi samun sauƙi: hazo ya ragu, ƙudaje sun ja baya, ruwan gaɓa ya ɗan yi ɗumi. Daga Oktoba wuraren kwana na gandun daji suna rufewa, guguwar kaka kuma ta kama. Irin wannan guguwa ce ta nutsar da jirgin dakon tama Edmund Fitzgerald, mai tsawon mita 222, ranar 10 ga Nuwamba, 1975, da mutum 29 a cikinsa, kimanin kilomita 27 daga Whitefish Point. An ciro ƙararrawarsa a 1995, tana ajiye a gidan tarihin da ke wurin, kuma masu keke da ke bin gaɓar Michigan sukan ratse daga ƙauyen Paradise su je su gan ta.